Wanzamin Zane na Sha Bakwai

Shekara goma sha tara na yi ina rubutu a shagon Hamad da ke unguwar Bagdadiyya a birnin Jidda, kuma wallahi babu irin ƙaryar da hannun nan nawa bai rubuta ba. Mai shawarma ya zo ya ce in rubuta masa "mafi daɗi a duk ƙasar nan", na rubuta, alhali ko kyanwar layin ba ta tsayawa a ƙofarsa. Mai gyaran agogo ya ce in sa "ƙwararre daga Turai", na sa, mutumin da ko Ɗa'if da ke nan kusa bai taɓa leƙawa ba. Aikina ke nan, rubuta allunan shaguna da katunan biki da alƙalamin kara da tawada. Sunana Abdulghaffar ɗan Ubale wanzami, a unguwar Hindawiyya aka yanke mini cibiya. Hamad ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, da ta matata da ta 'yata duk a kan sa hannunsa suke rataye. Saboda haka idan na ce muku akwai layi guda da na ƙi rubutawa, kada ku ɗauka wani waliyyi ne ke ba ku labari.

A shekarar 1988 ne wani attajiri ya gyara tsohon gidan kakanninsa a cikin Balad, tsohon garin Jidda, ya sayo wasu zane-zane arba'in da ɗaya daga Turai don ya nuna wa jama'a. Wani Bafaranshe ne ya yi su, wanda jirgin ruwa ya sauke a Jidda kusan shekara ɗari da arba'in da suka wuce. Da fentin ruwa ya zana su a kan takarda, kowanne bai fi girman faranti ba. Kowane zane yana bukatar kati a ƙarƙashinsa mai bayanin abin da ke ciki, kuma Hamad aka bai wa aikin katunan. Shi kuwa bayanin wani masani ne ya tsara, wanda attajirin ya ɗauko musamman. Ban taɓa jin an kira sunansa ba, kowa Duktur yake ce masa.

Na ce sai na ga zanen da idona kafin in san girman harafin da zan yi. Aka kai ni gidan, aka baje mini su a kan dogon tebur, ba a riga an sa su a firam ba. Kai, mutumin nan ya iya! Launin duk ya koɗe, amma ga tagogin katakon nan na Balad sun leƙo kan titi kamar yadda suke har yau. Ga masu ɗibar ruwa da salkuna a gadon baya. Ga kasuwar kifi, har da wata mage da ta saci ɗaya tana gudu. Ga wasu tsofaffi suna shan gahawa a kan dogayen kujerun igiya, ɗaya ya yi barci bakinsa a buɗe. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don na rantse na san jikan mutumin nan a unguwar Ammariyya.

Daga na sha huɗu zuwa na ashirin duk abu guda ne, ranar da wani Sharifin Makka ya shigo gari da ayarinsa. Raƙuma an lulluɓe su da jan ƙyalle mai tuntaye, sojojin Turkawa da jar dara sun yi sahu biyu, ga makaɗa, ga wata ƙatuwar laima koriya a kan mai sarautar. Jama'a sun cika titi maƙil, kowa a tsaye, wasu sun ɗora hannu a ƙirji, mata na leƙe ta tagogi. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya da takardar Duktur a hannu har na zo na sha bakwai. Abin da aka buga a takardar shi ne: "Wani baƙin bawa yana busa ƙaho don tarbar Sharif."

Na nemi bawan. Can na gano shi a kusurwar hagu, gindin wani ginshiƙi, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Na zaro gilashin da nake duba ɗigon harafi da shi na ɗora.

Mutumin a tsugune yake, ya bai wa ayarin baya. Ƙaho na bakinsa, haka ne, amma faffaɗan bakin ƙahon ba sama yake kallo ba. A kafe yake a ƙeyar wani mutum da ya sunkuya, wanda ginshiƙin ya rufe rabinsa, kafaɗa da wuya kawai ake gani. A gefen ƙafarsa ga ɗan ƙoƙo, ga kuma wata jakar fata ja mai aljihuna jere, an buɗe ta a ƙasa. Zabira ce. Irinta sak tana rataye a ƙusa a ɗakin mahaifina tun kafin in yi wayo.

Duktur na can ƙarshen teburin da farar safar hannu. Na je na yi masa sallama da Larabci, da ladabina.

"Duktur, a gafarce ni. Mutumin nan na sha bakwai ba busa yake ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Na'am?"

"Dubi kumatunsa. Mai busa kumatunsa kumbura suke yi, shi wannan nasa sun lotsa ciki. Zuƙa yake. Wanzami ne, ƙaho yake yi wa wancan mutumin a ƙeya. Ga zabirarsa nan."

Bai ko karɓi gilashin da na miƙa masa ba. Ya ɗaga takardar a hankali ya juya bayanta, ya nuna mini wani rubutun fensir da ya kusa gogewa. Ya ce mai zanen ne da kansa ya rubuta da Faransanci, bawa mai busa ƙaho. Ya ce, "Shi yana wurin ranar. Kai kana ina?"

"Yana wurin, amma bai tambayi mutumin ba," na ce. "Ya ga baƙar fata ya rubuta bawa, ya ga ƙaho ya rubuta busa. Da yake zane, abin da idonsa ya gani ya zana. Da ya zo rubutu sai ya shiga zato. Ni ban san ko ɗa ne ko bawa ne ba, shi ma bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma aikin da yake yi ga shi nan a fili."

Kunnuwansa suka yi ja. "Kai mai rubutun allo ne ko malamin tarihi?"

"Ni ɗan wanzami ne."

Ina faɗa na ji kunyar kaina, don ban taɓa furta wannan a gaban Balarabe ba sai ranar. Tun ina makaranta yara ke bina suna cewa ga ɗan mai shan jini. Ina shekara goma sha biyar na ce wa Baba ko da bulala ba zan riƙe aska ba, kuma ban sake yarda ya taɓa ƙeyata ba. Na gudu wurin masu rubutu don in samu sana'ar da ake yi da farar riga. In aka tambaye ni aikin mahaifina sai in ce yana harkar magani. Ga shi yau wani ɗan tsugunon da bai kai yatsa ba ya sa na tona kaina.

Kafin in koma Bagdadiyya waya ta riga ni. Na tarar da Hamad a bayan teburinsa yana jan carbi da sauri, abin da yake yi ke nan in ransa ya ɓaci. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Tare muka tsufa a shagon nan, ya ci abincin sunan 'yata. Amma matsoraci ne na ƙarshe, in babban mutum ya yi tari shi ne ke neman ruwa.

"Ya Abdulghaffar, me ya kai ka gardama da Duktur? An ce ka rubuta, ka rubuta, khalas, shi ke nan."

"Arba'in zan rubuta, Ammu Hamad. Na sha bakwai a gyara shi tukuna."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da iƙamata, ya buɗe shafin kwanan wata ya juyo mini shi. Saura kwana goma sha takwas ta mutu. Ya mayar ya rufe aljihun, ya murɗa makulli.

"Ranar Asabar za a buɗe gidan," ya ce. "Ina son kati arba'in da ɗaya ranar Alhamis. In sun cika, in sa hannu. In ba su cika ba, ka nemi wani kafilin, kuma ka san ba zan ba ka takardar sakin da zai karɓe ka da ita ba."

Da na gaya wa matata Barakatu, tana tankaɗen gari, sai ta ajiye rariyar ta zuba mini ido.

"Abu Fatsuma, lafiyarka kuwa? A kan mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakanka? Shi ya aiko ka?"

"Ba ki gan shi ba ne."

"Ba na son ganinsa! Fatsuma saura mata shekara biyu ta gama sakandare, ranar da takardarka ta mutu ranar za su sallamo ta. In aka kwashe mu aka zuba a jirgi, ina za mu? Kano? Wa ka sani a Kano? Kai da ko Hausar taka in ka yi dariya baƙi suke yi maka! Ka rubuta wa mai shawarma ƙarya shekara da shekaru, yau ne hannunka ya tuba?"

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Haushi ya sa na ƙi cin tuwon.

Washegari na ɗauki Baba a tasi na kai shi gidan, na ce wa mai gadi zai taya ni awo. Mai gadin ma dariya ya yi, don Baba ya taɓa cire wa ɗansa belu. Lokacin Baba ya haura saba'in da biyar. A goye aka shigo da shi ƙasar nan, iyayensa sun yi shekara shida a hanya da ƙafa, kuma bai san ko alif ba. Na riƙe masa gilashin a kan kusurwar zanen. Ya daɗe yana kallo, yana matso da fuska, sai kawai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Kai Gaffaru! Ai wannan namu ne! Dubi yadda ya tokare kan mutumin da gwiwa don kada ya motsa. Haka babana yake yi. Ciwon kai ne ke damun wancan, shi ya sa ya kafa masa a nan." Ya sa yatsa zai taɓa, na riƙe hannunsa da sauri. "Kuma ya riga ya yi tsaga, wannan zuƙa ta biyu ce. Ka ga askar a bakin ƙoƙo?"

Ni ban ma lura da askar ba. Na ce, "Baba, me ya sa bai tashi ba? Kowa ya miƙe wa Sharif."

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake alwala. "Ya tashi ya je ina? Ka tsaga mutum, ka kafa ƙaho, kakin zumar da za ka toshe shi da shi yana kan harshenka, sai ka ɗaga kai? Iska ta shiga, ƙaho ya faɗi, jini ya ɓata wa bawan Allah riga? Mutum ya ba ka ƙeyarsa, inda shi kansa ba ya gani. Har ka gama, ba ka da wani sarki sai shi. Ko gobara ce sai ka toshe ƙahonka tukuna." Ya gyara hularsa. "To me suka ce ka rubuta?"

Na gaya masa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya sake kallon ɗan mutumin. Can ya ce, "Rubuta musu mana. Ni shekara nawa ana jifana da wannan kalmar a titi? Bai hana su kawo mini ƙeyarsu ba in jini ya dame su. Kana da iyali, Gaffaru."

Da ya zage ni ne da ya fi mini sauƙi. Wato shi ma ya saba, har ba ya jin zafin. A tasi muna komawa na juya fuskata waje don kada ya ga idona, raina kuwa tafasa yake yi.

Kwana uku na yi a kan katunan. Ranar Alhamis da hantsi na feƙe sabon alƙalami, na dama tawada mai kyau, na zauna wa na sha bakwai. Ban taɓa yin rubutu mai kyansa ba, kuma ba na jin zan sake. Na rubuta: "Wanzami yana yi wa wani mutum ƙaho. Ayarin Sharif na wucewa, bai ɗaga kai ba." Na bar shi ya bushe na sa shi a wurinsa cikin jerin, na kai wa Hamad.

Ya bi su yana gyaɗa kai har ya iso kansa. Ya karanta sau biyu.

"Ka haukace."

"Ammu Hamad, shafa ƙeyarka."

"Me?"

"Shafa mana! Tabon da ke wurin wa ya yi maka? Duk shekara in zafi ya shigo wa kake aika wa mota Hindawiyya? Mahaifinka ma, Allah ya jiƙansa, a hannun wa yake sunkuyawa? Kai ka fi Duktur sanin abin da ke cikin zanen nan."

Hannunsa ya tafi wuyansa da kansa, ya yi maza ya sauke. Ya rage murya. "Na sani. Tun ranar farko na gane. Amma ni ne zan je in ce wa mai gida masaninsa bai san ƙaho ba? Ya riga ya buga bayanin a littafi. Don Allah, ya ɗan'uwa, layi ɗaya ne." Ya turo mini farin kati da alƙalami. "Yalla, minti biyu, in sa maka hannu yanzu a gabanka."

Na kalli katin. Wallahi na ga fuskar Fatsuma a kansa, da jakarta ta makaranta. Hannuna har ya ɗauki alƙalamin. Sai na tuna dariyar Baba da yadda ta ɗauke. Na ajiye alƙalamin, na ɗauki katina na sa a aljihu.

"Ba zan rubuta ba."

"To ba ni da ma'aikaci mai sunanka."

"Allah ya ba ka wanda ya fi ni," na ce, na fita. Kafin la'asar wani mai rubutu a Ammariyya ya yi musu katin yadda suke so, ko minti goma bai ɗauke shi ba.

Ranar Asabar ina kwance da rana kaina kamar zai tsage. Barakatu ba ta yi mini magana tun Alhamis. Sai ga Baba a ƙofar ɗaki da zabirarsa a kafaɗa.

"Idonka ya yi ja, jini ya hau maka kai. Tashi ka ɗauko tabarma."

Na ce ya yi mini a nan tsakar gida. Ya ce a'a, nan babu haske. Na bi shi ban da ƙarfin musu. Muka hau tasi, na ji ya ce wa direba Balad. Sai da muka tsaya na ga inda ya kawo ni: ƙofar gidan attajirin, an shimfiɗa jan kafet, an jera tukwanen fure, ana jiran manyan baƙi bayan la'asar. Akwai wani ginshiƙin dutse a gefen ƙofar. Nan Baba ya nuna da sandarsa.

"Shimfiɗa."

"Baba, a nan?"

"Kai da ka ce ba ka jin tsoro? Tuɓe rigar ka sunkuya."

Shekara ashirin da shida rabon da hannunsa ya taɓa ƙeyata. Na zauna na sunkuyar da kai, ya tokare ni da gwiwa. Na ji sanyin ruwa, na ji aska tana share gashi, na ji ƙahon ya kama fata ya ja. Ya cire, ya yi tsaga, ƙyas ƙyas ƙyas, da sauri yadda ban ma ji zafi ba. Yana mayar da ƙahon na ji jiniya.

Daga nan ni ƙafafu kawai na gani, don kaina na ƙasa. Tayoyin manyan motoci suka tsaya. Takalman askarawa suka zo da gudu, wani yana daka tsawa, "Tashi, ya Hajji! Yalla, tashi daga nan!" Baba ko gezau. Ina jin numfashinsa ta hanci a bayan kunnena, yana zuƙa a hankali. Askarin ya sake tsawa, wani ya ce masa, "Bar shi, ka ga jini ne, in ka taɓa shi yanzu ɓarna za a yi." Sai ga gefen alkyabbu masu zare na zinariya suna wucewa ta gabana, da takalma masu sheƙi, da ƙamshin turaren wuta. Kowannensu sai ya ɗan rage tafiya a daidai kanmu. Na ji wani dattijo yana cewa, "Masha Allah, har yanzu akwai masu yi da ƙaho?" Na ga wasu baƙaƙen takalma sun tsaya cak, sun ja baya, sun shige da sauri. Na Duktur ne. Na ga silifas ɗin Hamad, su kam sun daɗe a tsaye.

Baba ya toshe ƙahon da kaki, sannan ya ɗago ya ce wa askarin, "To ɗana, me kake cewa ɗazu?"

Tagogin gidan a buɗe suke. Muna naɗe tabarma, Baba na wanke ƙahonsa a ƙoƙo, sai muka ji dariya ta tashi daga bene. Mutum ɗaya ya fara, wannan dattijon ne ina jin, sannan ta bazu. Na ji muryarsa sarai yana cewa, "Busa? Wane irin busa? Ku leƙa ƙofa ku ga mai busar!" Baba bai ko kalli sama ba. Ya rataya zabira ya ce mu tafi kada mu rasa magariba.

Mai gadi ya gaya mini cewa kafin a rufe gidan ranar an cire katin. Ba su sa nawa ba, ba su sa wani ba. Har aka gama nunin, zane arba'in na da bayani, na sha bakwai ƙusa ce kawai a ƙarƙashinsa.

Kada ku ɗauka na ci riba. Iƙamata ta mutu a ranar da aka rubuta za ta mutu. Wata biyu bayan nan aka sallamo Fatsuma daga makaranta, ta shigo ta ajiye jakarta a bayan ƙofa, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalle ni ba. Wannan yana cina har gobe. Barakatu ta yi wata guda ba ta ce mini ko sannu ba. Babu mai shagon da zai ɗauki marar takarda ya zaunar a bakin titi yana rubutu, ni kuma in na hango motar jawazat, masu kamen marasa takarda, sai in shige lungu kamar ɓarawo, a garin da aka haife ni. Da zama ya ishe ni, wata safiya na shiga ɗakin Baba na ce ya koya mini. Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe aska. Bai ce mini komai a kan abin da ya wuce ba, illa ya ce hannun mai rubutu ba ya rawa, zan yi saurin iyawa. Katina yana cikin aljihun zabirar, tare da kaki.

Da zafi ya shigo a shekara ta gaba, wata ranar Talata da safe, mota ta tsaya a bakin lungunmu. Da can direba ake aikowa. Wannan karon Hamad ne da kansa, ya rame, yana dafe da kai. Ya gaida Baba, bai iya haɗa ido da ni ba. Baba ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna masa yadda suke karkarwa.

"Ni na ajiye, ya Hamad. Sai dai Gaffaru."

Hamad ya dubi askar da ke hannuna, ya dubi ƙofa. Sannan ya cire gutura, mayafin kansa, da hularsa, ya zauna a tabarma ya juya mini baya.

"Sunkuya," na ce.

Ga ƙeyar mutumin da ya kashe mini takarda, ga tsoffin tabon Baba a jere, ga aska a hannuna. Zuciyata ta raya mini abubuwa, ba zan ɓoye ba. Na tokare shi da gwiwa, na share wurin, na yi masa tsaga mafi sauƙi da na taɓa yi wa wani. Na sa kaki a harshe, na kafa ƙaho, na fara zuƙa.

Daga ƙasa, muryarsa a shaƙe, ya ce, "Ya Abdulghaffar, ana iya gyara takardar nan. Yarinyar ta koma makaranta. Abu ɗaya ne, mu je tare ka ba Duktur haƙuri, ka ce kuskure ka yi. Kalma biyu. Me ka ce?"

Barakatu na bayan labule, na san tana ji. Baba na kallona. Hamad ya sake cewa, "Ka ji ni kuwa?"

Na ji shi sarai. Amma jini ya fara zuwa, bakina na kan ƙaho, ban ɗaga kai ba.